Mai Farar Mota

Genzo Kuwabara ya durƙusa a gefen motarsa yana shafa ƙofar baya ta hagu da tafin hannu. Akwai karce. Ba idonsa ne ya gani ba, hannunsa ne ya ji shi, siriri, daga ƙarƙashin mariƙi har kusa da taya. Sai da ya juya kai ya duba da idon dama sannan ya gan shi. Bai san inda ya samo shi ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Yana cikin goge wurin da tsumma sai ga motar ɗansa Masanobu ta shigo tsakar gida. Baƙa ce, doguwa, ba ta da ƙara. Sai da inuwarta ta rufe shi ya san ta iso.

"Baba, ina kwana."

"Wa ya kira ka?"

"Yau ne gwajin naka. Na ɗauki hutu in kai ka."

"Wanda za a gwada tuƙinsa shi za a ɗauko kamar buhun shinkafa?"

Masanobu ya matso. Ya zagayo, ya sunkuya, ya ga karcen.

"Wannan fa?"

"Reshe ne."

"Wane reshe? Duk hanyarka gonakin kabeji ne, Baba. Kabeji ba shi da reshe."

Genzo ya miƙe da ƙyar, ya ninke tsumman, ya sa a aljihu.

"Ka mayar musu da lasin nan da hannunka," in ji Masanobu a hankali. "Ka kusa tamanin. Ba abin kunya ba ne, duk tsaranka sun yi. Ni zan riƙa kai ka wajen Mama kowace Lahadi."

"Sauran ranakun fa? Ta zauna tana kallon taga?"

"Akwai bas."

"Ba bas take jira ba."

Dukansu sun san haka. Toshie, matar Genzo, tana gidan kula da tsofaffi can ƙarshen gaɓa, inda ƙasa ke ƙarewa teku ya fara. Kanta ya zube. Ba ta san ɗanta ba, ba ta san sunan garinta ba. Amma ta san farar mota. Kullum bayan cin abincin rana ana tura ta a keken marasa lafiya zuwa gaban babbar tagar da ke kallon filin ajiye motoci. In farar motar ta shigo, direban ya fito ya rufe ƙofa, sai fuskarta ta saki. A nan take sanin mijinta ne. Takan ci kek ɗin wake mai zaƙi daga hannunsa, ta yi masa faɗa don bai sa rigar sanyi ba. Akwai ranar da motar take wajen duba lafiya, ya je a tasi. Ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ake gaida mai karanta mita, ta ƙi karɓar komai daga hannunsa, ta koma kallon taga har yamma.

"Matsa da akwatinka," in ji Genzo. "Ka tare mini hanya."

"Akwatin nan Lexus ce, Baba. Taka ko tambarin ba ta da shi."

Wasa ya yi nufi, irin wanda suka saba. Genzo bai yi dariya ba.

Gaskiya ne, tambarin da ke gabanta na Celsior ne. Genzo ya bar makaranta da wuri, ya shiga masana'antar motoci, daga baya aka mayar da shi reshenta na garin Tahara. Ƙofa ce aikinsa: ya ɗora, ya daidaita, ya rufe, ya saurara. A shekarar 1989 aka zaɓe shi cikin waɗanda suka haɗa Lexus ta farko, LS 400. Wata da watanni suna kai, har sai da ƙofar ta riƙa rufewa da sauti ɗaya, mai nauyi, ba girgiza a bayansa. Duk wadda aka liƙa wa sabon tambarin, jirgin ruwa take hawa zuwa ƙasashen waje, yawanci Amurka. Wadda ta tsaya a gida, mota ɗaya ce har ƙusoshinta, amma Celsior ake kiran ta. Sunan Lexus bai shigo kasuwar Japan ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin Genzo na shirin ajiye aiki. Tasa ta hannu ce, daga matar wani likita da ya rasu ya saya. Ranar da ya kawo ta gida, Toshie ta ƙi zama a gaba. Ta shiga baya, ta harɗe ƙafa, ta ce, "Direba, bakin teku."

Ya ɗora ƙunshin kek ɗin wake a kujerar gefe, ya tayar da inji. A bakin titi ya tsaya, ya ɗaga yatsa ya nuna dama. "Dama, lafiya." Ya nuna hagu. "Hagu, lafiya." Sannan ya fita. Haka aka koya musu a masana'anta: kada ka yarda da ido shi kaɗai, ka nuna abu da yatsa, ka faɗa da baki. Tun yana saurayi yake yi. Ko gas ɗin girki zai kashe sai ya nuna.

A makarantar tuƙi, tsofaffi sun cika benci, kowa riƙe da hularsa a cinya. Yasuji Hattori na cikinsu, tsohon ɗan sashen fenti, mai yawan surutu tun suna samari.

"Kai, Ƙofa, ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, Fenti."

"Na ga kakar taka a waje. Har yanzu tana numfashi?"

"Ta fi ka."

Yasuji ya matsa masa. "Ɗanka RX yake hawa ko? Surukina NX. Da can Lexus iri biyu muka sani, babba da ƙarama, LS da ES, shi ke nan. Sai ga GS, sai ga IS. Yanzu UX, NX, RX, GX, LX, ga wata mai cin lantarki zalla. Akwai ma wadda ta yi kama da bas, attajirai na barci a bayanta. Jikata ta zauna tana lissafa mini, na ce tsaya haka, karatun da na gudu a makaranta ba zan yi shi da furfura ba."

"Mota mai tsayi ba mota ba ce," in ji Genzo. "Rumfa ce da taya."

"Haka muka ce lokacin da aka fito da RX. Ita kuma ta fi kowace fita. Mu ne ba mu san komai ba." Yasuji ya rage murya. "Ni fa ba gwaji na zo ba. Rakiya na yi wa maƙwabcina. Nawa lasin na mayar tun bara."

"Me ya same ka?"

"Na shiga shagon wanki da baya. Har cikin shagon. Mai shagon yana riƙe da wandon wani yana kallo na." Ya yi dariya, hawaye na taruwa a gefen idonsa. "Yanzu keke mai ƙafa uku nake hawa, kamar ɗan yaye."

Genzo ya kau da kai. 

Aka nuna musu hotuna, aka ɗauke, aka ce su tuna. Ya tuna isassu. Aka zo gwajin ido. Ya leƙa cikin akwatin, gefen hagu duk hazo ne, kamar gilashin da aka huce wa numfashi. Ya karkata kai kaɗan, idon dama ya yi aikin biyu. Ba wanda ya lura.

Daga nan sai tuƙi, a ƙaramar motar makaranta mai ƙofa kamar gwangwani. Mai gwajin wata matashiya ce, ta zauna a gefensa. A kowace mahaɗa ya tsaya cak a kan layi. "Dama, lafiya. Hagu, lafiya." Ya hau dakalin da aka ce ya hau, ya taka birki nan take. Ya ajiye motar a miƙe.

"Kuwabara-san, masana'anta ka yi aiki ko?" in ji ta.

"Tahara."

"Na gani daga yatsan. Da kowa zai riƙa yin haka, da mun huta. Ka wuce."

Ya karɓi takardarsa, ya sunkuya kaɗan, ya fita. Yasuji yana jiran sa a ƙofa.

"Ya aka yi?"

"Koma kan kekenka."

A cikin motarsa ya ci dunƙulen shinkafa biyu, ya sha shayi daga gora. Ya ji daɗi, bai nuna wa kowa ba, don ba kowa. Wayar da Masanobu ya saya masa ta yi ƙara. Ya bar ta ta gaji.

Hanyar ƙarshen gaɓa miƙaƙƙiya ce, gonakin kabeji dama da hagu, iskar teku na kaɗa rumfunan leda. Injin ba ya ko tari. Genzo ya bar babban titi ya shiga hanyar gona, wadda yake bi kullum don ta fi kusa. Akwai mahaɗa a tsakiyar gonaki, fili fetal, ba gini ba bishiya. Ya tsaya a kan layi.

"Dama, lafiya."

Ya nuna hagu.

"Hagu, lafiya."

Ya saki birki.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani abu ya bugi gaban motar, sai ga kabeji na gangarawa a kan kwalta. Ya taka birki da duka ƙarfinsa. Ya fito, bai ma rufe ƙofa ba.

Wata manomiya ce, dattijuwa mai faffaɗar hula da takalmin roba, tana zaune a bakin kwata, kekenta a kwance, tayar gaba ta lanƙwashe. Tana duba gwiwar hannunta da ta goge.

"Baiwar Allah, kin ji ciwo?"

"Ciwo? Ka tambayi kekena." Ta miƙe, ta taka ƙafa ɗaya, ta taka ɗayar. "Ba abin da ya karye. Kai kuwa tsoho, lafiyarka? Ka ce in wuce, sannan ka taho kaina?"

"Ban ce ki wuce ba."

"Da yatsa ka nuna ni. Ga ni, ga ka, ba nisa. Ka nuna ni, bakinka ya motsa. Har na sunkuyar da kai na gode maka."

Genzo ya tsaya.

"Na nuna ki?"

"Tsakiyar fuskata."

Ya dubi yatsansa. Ya dubi hanyar hagu da matar ta fito, miƙaƙƙiya, ba abin da ke tare ido har bakin teku. Yatsa ya yi aikinsa. Baki ya yi nasa. A tsakaninsu ba kowa. Ya tuna karcen ƙofar baya, ya tuna shingen da ke hagun ƙofar gidan tsofaffi.

Ya sunkuya har ƙasa, hannaye a gwiwa. "Laifina ne. Bari in kira 'yan sanda."

"Kada ka tara mini jama'a. Motar kasuwa na jiran kayana, in 'yan sanda suka zo sai dare. Gonata ga ta can. Taimaka mini da kabejin kawai."

Ya tsince su ɗaya ɗaya. Ya faɗa mata sunansa da unguwarsa, ya ce zai kawo sabuwar taya gobe. Ta ce ya kawo ko kada ya kawo. Ta ja kekenta ta tafi tana ɗingishi kaɗan, tana magana ita kaɗai.

Ya koma cikin mota ya zauna. Ba wanda ya gani. Takardar makarantar tuƙi na nan a kujerar gefe, ƙarƙashin ƙunshin kek. Gidan tsofaffi bai da nisa, yana hango rufinsa. Yanzu haka an tura keken Toshie gaban taga. Abin da ya rage kawai ya saki birki, daga yau kuma ya riƙa juya kansa gaba ɗaya in zai duba hagu. Ya sa hannu a giya.

A masana'anta akwai igiya a saman kowane ma'aikaci. Duk wanda ya ga aibi sai ya ja ta, fitila ta kama, in bai gyaru nan take ba layi ya tsaya. Ba a tambayar wa ya yi aibin kafin a ja. Ko hannunka ne ya yi, kai za ka ja. Genzo bai taɓa zagin wanda ya yi kuskure ba. Wanda ya gani ya bar shi ya wuce, da fatan ba za a lura ba, shi ne ba ya sake cin abinci tare da shi. Akwai waɗanda ya daina gaisarwa har suka yi ritaya. Yana alfahari da haka. Yanzu ya zauna da hannu a giya, yana neman hanyar da dokar ba za ta hau kansa ba. Ya nema sosai. Bai samu ba.

Ya gangara da motar gefen gona, ya kashe inji, ya ɗauki waya.

"Kana ina?"

"Ina gidanka, Baba. Tun ɗazu nake kira. Ya gwajin?"

"Na wuce. Zo ka same ni a mahaɗar gonaki."

"Ka wuce? To me ya faru?"

"Zo kawai."

Masanobu ya iso, ya ajiye baƙar motarsa a baya. Ya ga ganyen kabeji a kwalta, ya ga gaban motar, ya buɗe baki. Genzo ya miƙa masa mukulli.

"Ba wanda ya mutu. Gobe ka kai ni ofishin 'yan sanda, in faɗa musu abin da ya faru, in ba su lasinsu. Yanzu ka tuƙa wannan. Tana jira."

"Baba..."

"Kada ka taka ta kamar rumfarka. A hankali take so."

Genzo ya zagaya ya zauna a kujerar gefe, ƙunshin a cinyarsa. Bai taɓa zama a nan ba. Hanyar ta yi masa daban. Masanobu ya ja kujera baya, ya gyara madubi. Genzo ya ga an taɓa madubin, ya mayar da idonsa kan hanya.

Suka shiga filin gidan tsofaffi. Ga ta nan a bayan gilashi, ƙarama, da bargo a gwiwa. Masanobu ya tsaya a inda uban ya nuna masa, ya fito, ya tura ƙofa. Ta rufe da sautinta, ɗaya, mai nauyi. Toshie ta ɗaga hannu. Genzo ya ga fuskarta ta saki, ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Ya yi saurin fitowa ta ɗaya gefen.

A cikin zaure ma'aikaciyar jinya ta juyo musu da keken. Genzo ne a gaba. Toshie ta leƙa ta gefensa.

"Genzo, ka makara yau," ta ce wa Masanobu.

Masanobu ya tsaya. Shekarunsa yanzu sun kai na ubansa lokacin da ake haɗa motar. Kafaɗa ɗaya, goshi ɗaya.

"Kuma ba rigar sanyi. Kai dai ba ka ji." Ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu. Sannan ta dubi Genzo sama da ƙasa, ta rage murya, amma kowa ya ji. "Wannan tsohon fa da ka ɗauko? A hanya ka tsince shi?"

"Mama, wannan ai..."

"Ɗan masana'anta ne," in ji Genzo. "Ni na sa ƙofofin motar."

"Ayya." Ta sunkuyar da kai da ladabi. "Sannu da aiki. Ƙofofin suna da kyau. Mijina yana yabon su kullum."

"Na gode."

"A ba shi kujera mana, ya gaji."

Ma'aikaciyar ta dubi Genzo, ta dubi ƙasa, ta jawo kujera kusa da ƙofa. Masanobu ya juyo, idonsa ya yi ja, yana shirin magana. Genzo ya girgiza masa kai. Ya kwance ƙunshin, ya ɓare takardar kek ɗin, ya raba shi ƙanana yadda take iya haɗiya, ya miƙa wa ɗansa.

"Ba ta. Daga hannunka za ta karɓa."

Ya koma ya zauna a kujerar bakin ƙofa, hula a cinya. Toshie tana ci, tana ba Masanobu labarin ranar da ya kai ta bakin teku tana zaune a baya. Ta faɗi komai daidai, har launin rigar da ta sa. Masanobu yana cewa, "Haka ne, haka ne," don bai san labarin ba.

Da za su tafi ta riƙe hannun rigarsa.

"Gobe da wuri."

Masanobu ya dubi ubansa. Gobe Alhamis ce.

"Lahadi zai zo," in ji Genzo. "An ƙara masa aiki."

Ba ta ko dube shi ba.